TURA MINI: Tarihin Tafiyar Waƙar Hausa Daga Faifan Garmaho Zuwa Memori

A wannan karon za mu ɗan jingine labaran da muke kawo maku kashi-kashi, mu leƙa tarihin wata ɗabi'a da kusan kowa a cikinmu ya taɓa aikatawa, amma ba mu cika tsayawa mu tambayi kanmu dalili ba. Ina nufin tura waƙa daga waya zuwa waya.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata ziyara da na kai garin Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina. Na tsaya a wata rumfar cajin waya ina jiran tawa ta ɗan samu wuta, sai ga wani dattijo ya zo ya miƙa wa yaron rumfar wata 'yar ƙaramar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Ya ce, "Ɗana, zuba mini Shata da Ɗanƙwairo. In kana da Sa'adu Bori ka haɗa mini, gobe Maraɗi za ni, ƙanwata ta ce kada in zo mata hannu rabbana." Yaron ya duba ya ce, "Baba, memorin naka ya kusa cika fa." Dattijon ya ce, "To goge na yaran nan, ka bar mini karatu da wa'azi." Kafin minti goma an gama. Ya zaro 'yan canji ya biya, ya sa albarka, ya yi gaba.

Na tabbata da za ka ce wa wannan bawan Allah abin da ya yi yanzu a wasu ƙasashe sunansa sata, har an gurfanar da mutane a kotu a kansa, kallon mai taɓin hankali zai yi maka. A wurinsa tsaraba ya saya. To wa ke da gaskiya? Kuma ta yaya muka iso nan? Sai mun koma baya kafin mu gane.

WATA GUDA, LABARI BIYU

A cikin watan Yuni na 1999 abubuwa biyu suka faru waɗanda a lokacin babu wanda zai ce suna da alaƙa. Ranar 18 ga watan Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano, aka kai shi Daura aka rufe. A cikin wannan watan ne kuma a Amurka wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning, tare da abokinsa Sean Parker, suka saki wata manhaja mai suna Napster. Aikinta shi ne ta haɗa kwamfutocin mutane ta intanet, ta yadda duk waƙar da ke cikin kwamfutar wani, wani daga wata duniya zai iya kwafarta kyauta.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wata dabara ta matse sauti da masu bincike na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa, wadda aka raɗa wa suna MP3 a 1995. Dabarar tana zubar da sassan sautin da kunnen ɗan Adam bai cika ji ba, sai waƙa ta ragu zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na girmanta a faifan sidi, kuma mai sauraro da wuya ya ji bambanci. Da waƙa ta zama 'yar ƙarama haka, sai ta zama abin aikawa kamar wasiƙa.

Cikin ƙasa da shekara biyu miliyoyin mutane suka afka wa Napster. Kamfanonin faifai na Amurka suka kai ƙara tun a Disamba 1999, mawaƙan Metallica ma suka kai tasu a Afrilu 2000, kotu ta matsa har manhajar ta rufe a Yuli 2001. Amma an riga an buɗe ƙofa, domin wasu irinta kamar Kazaa sun maye gurbinta nan take. A Satumba 2003 ƙungiyar kamfanonin faifan ta juya kan masu sauraro su kansu, ta maka mutum 261 a kotu a tashin farko, ciki har da wata yarinya 'yar shekara 12 a birnin New York. Ta ci gaba da haka kan dubban mutane, sai a ƙarshen 2008 ta haƙura. Abin da ya fi rage matsalar a can shi ne sauƙaƙa saye: shagon iTunes da ya buɗe a Afrilu 2003 yana sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, sannan Spotify ya zo a 2008 da tsarin sauraro ba tare da mallaka ba.

Wannan shi ne labarin Turawa, kuma shi aka fi rubutawa. Namu labarin ya girmi Napster nesa ba kusa ba, kuma tushensa daban ne.

WAƘA KAFIN TA ZAMA HAJA

A ƙasar Hausa ta dauri, makaɗi ba ya sayar da waƙa ga mai sauraro. Wanda aka yi wa waƙar shi ke biya. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Sarkin Taushin Katsina yana da Sarki Usman Nagogo, makaɗan maza suna da 'yan dambe da 'yan kokawa, makaɗan noma suna da sarakunan noma, mahauta da maƙera kowa da nasa. Ladan makaɗi riga ce, ko doki, ko damman hatsi, daga baya kuma mota da kujerar Makka. Abin da ubangida ke saye da wannan kyauta shi ne suna. Waƙar da ta tsaya a zauren fada ba ta yi masa amfani ba. Sai ta fita, mata sun rera ta a bakin turmi, fatake sun tafi da ita Agadas ko Gwanja, yara sun haddace ta a dandali, sannan za a ce makaɗi ya yi aiki.

Ka ga ke nan a wannan tsari wanda ya ɗauki waƙa ya kai ta wani gari taimakon makaɗi ya yi, kuma taimakon ubangida ya yi. Babu wanda ya taɓa tunanin biyan Narambaɗa don ya rera waƙarsa a gona. Wannan fahimta ta daɗe a zukatanmu, kuma ita ce dattijon Bugaje yake ɗauke da ita har yau.

Garmaho ne ya fara ɗaure waƙa a cikin abin da za a iya saye da sayarwa. Kamfanonin faifai irin su EMI sun ɗauki wasu daga cikin manyan mawaƙanmu, ciki har da Shata. To amma garmaho kayan masu hali ne, faifansa yana fashewa, rana tana lanƙwasa shi, kuma ba ka iya kwafarsa a gida. Talaka ya fi samun waƙa ta rediyo, musamman bayan da gidan Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962. Duk wanda ya tashi a wancan zamani zai tuna shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai aika da kati ya zaɓi waƙa ya sadaukar ga iyaye da abokai da masoyiya. Mai karatu ya lura da wannan da kyau: tun kafin a haifi masu wayar salula, Bahaushe ya riga ya mayar da waƙa abin gaisuwa, abin da ake aika wa wanda ake so. Kuma muryar Kaduna ba ta tsayawa a Jibiya a buga mata hatimi. Ana jin ta a Maraɗi da Damagaram, kamar yadda mutanen kan iyaka na wannan ɓangare ke kama Muryar Sahel ta Yamai.

ZAMANIN KASET

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo Nijeriya, rikoda ta cika gari. Alhazai suna dawowa da ita, 'yan ci-rani suna komawa ƙauye da ita a kafaɗa. Kaset ya zo da abin da faifai ba shi da shi, wato maɓallin ɗauka. Kowa na iya ajiye rikoda a gaban makaɗi a wurin biki, ko a jikin rediyo, ya ɗauki abinsa. Da rikoda mai baki biyu ta zo kuwa, sai kwafa ya zama wasan yara.

Daga nan sana'a ta tashi. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar masu kwafar kaset, inda ake jera na'urori ana gurza waƙoƙin Hausa da na Indiya da wa'azi da karatun Alƙur'ani, dillalai suna saye a kwali suna kaiwa Katsina, Sakkwato, Maraɗi, har Gana da Kamaru da Sudan. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan harka a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa hanyoyin da masu kwafar kaset suka shimfiɗa su ne daga baya finafinan Hausa suka bi suka isa ga jama'a. Wato abin da doka ke kira satar fasaha shi ne ya share wa halattacciyar sana'a hanya.

A garuruwa irin su Jibiya kuwa, kowace ranar kasuwa za ka tarar da mai kaset da lasifikarsa. Ka zo da kaset ɗinka fanko, ka faɗi waƙoƙin da kake so, ya haɗa maka. Saurayi ya haɗa wa budurwa, ɗan ci-rani ya ɗauki muryarsa a gefe ɗaya yana gaida mutan gida, a ɗaya gefen ya sa masu Ɗanmaraya Jos ko Haruna Uji, ya ba direba ya kai. Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, ta kafa hukumar kula da ita a 1989, amma dokar tana Legas, kaset yana kasuwar ƙauye, ba su cika haɗuwa ba. Su kansu mawaƙan gargajiya da yawa ba su ɗauki abin da zafi ba, tunda abincinsu yana wurin biki da gidajen iyayen gida, kuma kaset ƙara masu gayyata yake yi.

DA FIM YA ZO

Lissafi ya fara canzawa ne da zuwan finafinan Hausa. Bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, harkar ta yi ta bunƙasa, har zuwa lokacin fim ɗin Sangaya, wanda waƙarsa ta nuna wa furodusoshi cewa waƙa ce ke sayar da fim. Sai ga sabon nau'in mawaƙi: yaro mai murya, da mai fiyano a sutudiyo, babu kalangu, babu 'yan amshi goma, kuma babu sarki ko attajirin da aka yi wa waƙar. Waƙar soyayya ba ta da ubangida. Kuɗinta dole su fito daga kasuwa, wato daga aljihun mai sayen kaset ko sidi.

A nan ne karo na farko aka samu ɗimbin masu fasaha a ƙasar Hausa waɗanda kowane kwafi na bayan fage yake rage masu abinci kai tsaye. Tsohuwar fahimta ta cewa yaɗa waƙa alheri ne ta ci karo da sabuwar sana'a da ke rayuwa a kan sayar da kwafi. Masu sauraro ba su canza ba, tsarin biyan mawaƙi ne ya canza a ƙarƙashinsu ba tare da an yi masu bayani ba.

SALULA, MEMORI DA BULUTUT

Napster ta rufe a Yuli 2001. Wata guda bayan haka, a Agusta 2001, kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. Da fari waya ta kira ce kawai, kuma ta masu kuɗi. Amma zuwa ƙarshen shekarun 2000 wayoyin Caina masu arha sun cika kasuwa, masu layi biyu, da lasifika mai ƙara kamar ta masallaci, da gurbin memori, da kuma Bluetooth, wanda muka mayar bulutut. Memori mai gig biyu, wanda bai kai farcen babban yatsa ba, yana ɗaukar waƙoƙi ɗaruruwa. Abin da a da sai an cika kwali da kaset, yanzu ya shige aljihun 'yar shara.

Abin lura a nan shi ne mu ba ta intanet muka fara rabon waƙa ba. Intanet a lokacin sai a shagon kafe na birni, ga tsada ga jinkiri. Namu rabon hannu da hannu ne: a majalisa, a tasha, a cikin motar haya, a gidan biki. Ka ji waƙa na tashi a wayar wani, ka ce "Don Allah tura mini," ya ce "Kunna bulutut ɗinka." Mutanen da ba su san juna ba sai su haɗa kai na minti biyu, wani lokaci ma daga nan sabo ya fara. Daga baya manhajoji irin su Xender suka zo suka ƙara wa abin sauri, sannan WhatsApp ya ɗauke shi ya kai nesa. Su kuma masu kaset na da, ko 'ya'yansu, suka sayi kwamfuta suka koma masu turi, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa rumfar caji ta Bugaje.

To me ya sa mutane ke yi? In ka bi tarihin da muka zayyana za ka ga dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai rashin wurin saye: mutumin ƙauye ko yana da niyyar biya, ina shagon, kuma da wane katin banki? Boomplay ya fara a Nijeriya a 2015, Spotify bai iso ba sai 2021, kuma dukansu suna buƙatar babbar waya da data da sabis mai ƙarfi. Akwai tsadar ita kanta datar, domin sauraro ta intanet kullum sai ka biya, memori kuwa sau ɗaya ne. Akwai zumunci, wanda shi ne mafi daɗewa: abin da ba ya raguwa in ka bayar, hana shi rowa ce a idon Bahaushe, kuma wanda ya fara kawo sabuwar waƙa majalisa yana da wani ɗan matsayi a ranar. Sai kuma dalilai biyu da suka cancanci a tsaya a kansu.

ABIN DA AKA HANA

A 2007 wani hoton bidiyo na sirri da aka ɗauka da waya ya yaɗu a Kano ta bulutut, ya tayar da ƙurar da ta girgiza masana'antar fim. Bayan haka Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ta tsaurara matakai a ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. An ɗaure Adam A. Zango a wannan shekarar kan kundinsa na Bahaushiya. Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya, wato waƙa, kuma da yake babu ɗan kasuwar da zai yarda ya jera irin waɗannan waƙoƙi a shagonsa, sai suka sake su cikin wayoyin jama'a. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11, ciki har da Hasbunallahu ta Aminu Ala da Girgiza Kai ta Nazir Hausawa, kuma a Yulin shekarar aka kama shi Alan.

Ba hukunci nake yankewa kan wa ya yi daidai a wancan rikici ba, kowane ɓangare yana da hujjojinsa. Abin da ya shafi tarihinmu shi ne sakamakon. Hukuma na iya rufe shago, ta kama kwalin sidi, amma ba ta iya bin aljihun mutum miliyan. Jerin waƙoƙin da aka haramta sai ya zama kamar talla, wanda bai taɓa jin su ba ya shiga nema. A nan mawaƙin da kansa ne yake roƙon a tura, domin turin shi ne kaɗai gidan rediyon da ya rage masa.

IYAKAR DA WAƘA BA TA SANI BA

Wanda bai san yankin Jibiya ba zai ɗauka iyaka bango ce. Tarihi ya nuna akasin haka. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa mulki a Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Layin da ya raba ƙasashen biyu Ingila da Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, suka bi suka kafa alamu a tsakanin gonakin 'yan uwa. Ko gulbin da ya ratsa Jibiya shiga Nijar yake yi, ya wuce ta Maraɗi, sannan ya sake dawowa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Haka waƙa take yi. Sa'adu Bori na Maraɗi ya yi tashe a Arewacin Nijeriya, Fati Nijar haifaffiyar Maraɗi ce amma a Kano ta yi suna, su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef kuwa masoyansu a Nijar ba su ƙirguwa.

Kasuwar hukuma ba ta taɓa iya biyan buƙatar wannan jama'a ɗaya mai kuɗi iri biyu da doka iri biyu ba. Memori ne ya iya. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu a Agusta 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Satumba 2021 kuma, saboda matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin, an katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, na tsawon watanni. A irin wannan hali mai dogaro da intanet ya zama kurma, amma bulutut da memori ba ruwansu da sabis. Mutumin da ya kwana cikin fargaba, abin da ke cikin 'yar wayarsa na karatu da waƙa shi ne abokin hirarsa.

Akwai wani misali da ya nuna nisan da wannan hanya ke iya kai mutum. A 2008 wani matashin Buzu daga yankin Tawa, Mdou Moctar, ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa a sutudiyo, da irin gyaran muryar da aka saba yi wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a fitar da su a kasuwa ba, waya ce ta yi ta miƙa wa waya har suka kai Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya kwafe su daga wayoyin mutane a garin Kidal, ya sa ɗaya a cikin kundin Music from Saharan Cellphones da ya fito a 2011, bayan ya bi sawun mawaƙan ya nemo su domin a ba su kasonsu. Daga nan Mdou Moctar ya zama mai zagaya Turai da Amurka da jitarsa. Ba don turi ba, da wataƙila har yau sai a bikin ƙauye za a san shi.

KURA DA SHAN BUGU

Kada daɗin wannan labari ya rufe mana ido. A kan kowane Mdou Moctar guda akwai mutane da yawa da turi ya kashe wa kasuwa. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 cinikin sidi ya durƙushe a Kano. Fim ko kundin waƙa zai fito da safe, kafin la'asar yana kwamfutar masu turi a kowane gari. Manyan 'yan kasuwar fim da yawa sun rufe shaguna, furodusoshi suka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara a 2014. Mai turi yana karɓar kuɗi a kan aikin da bai zuba ko kwabo a cikinsa ba, wanda ya rubuta waƙar da wanda ya kaɗa fiyano suna kallo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mawaƙan da suka tsira su ne waɗanda suka gane cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma abin mamaki, baya suka koma. Suka koma waƙar ango da amarya, wadda ake biya kafin a shiga sutudiyo. Suka koma waƙar sarakuna da 'yan siyasa, irin ta su Dauda Kahutu Rarara, wadda mai ita babu abin da yake so kamar a tura ta ko'ina kyauta. Wasu kuma suka bar waƙa ta yi yawo don ta jawo masu gayyatar wasa, kamar yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020 lokacin kullen korona. Wato bayan zagayen garmaho da kaset da sidi, mun dawo tsarin Narambaɗa: ubangida ya biya, jama'a su yaɗa.

To amma wannan komawa tana da farashi, kuma shi ne abin da ya fi damuna. In mai biya shi ne kaɗai mai kuɗi da mai mulki, wa zai biya waƙar da za ta faɗa masu gaskiya? Wa zai ɗauki nauyin irin waƙoƙin da Ɗanmaraya ya yi wa talaka da ɗan ƙwadago? 'Yan shekarun da mai sauraro ke sayen kaset da kuɗinsa sun ba mawaƙi wani ɗan 'yanci, domin yana da iyayen gida dubu maimakon ɗaya. Duk ranar da muka ce waƙa kyauta ce, mun mayar da shi ƙofar gidan mai hannu da shuni. An sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, wadda ta taɓo harkar intanet, amma doka ba za ta shiga tsakanin wayoyi biyu a majalisa ba.

A gefe guda kuma dole a yi wa masu kwafa adalci. Shi kansa Shata an sha faɗin cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Masana sun yi ƙoƙari, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, da su Ibrahim Sheme da suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Duk da haka, da yawa daga cikin tsofaffin waƙoƙin da muke ji a yau sun iso mana ne saboda wani ya ajiye rikoda a wurin biki, wani ya kwafa, wani ya juya kaset ɗin zuwa MP3 kafin ya ruɓe, wani kuma ya tura. Babban ɗakin ajiyar waƙar Hausa a yau yana warwatse ne cikin memorin mutane irin dattijon nan na Bugaje, babu rajista, babu sunan shekara, wani lokaci ma an liƙa wa waƙar sunan wani makaɗin daban.

Shawarata ga mai karatu guda biyu ce. In kana da tsohon kaset na kakanni a ƙasan akwati, ka nemi a juya shi, ka rubuta sunan makaɗin da wurin da lokacin in ka sani, sannan ka tura wa duk mai so, ka kuma kai wa masu nazari. In kuwa mawaƙin yana raye, ko iyalinsa suna nan, kuma kana da halin data, to ka saurare shi a shafinsa na gaskiya, ka halarci wasansa, ka yi masa kari in ka samu dama. Kakanninmu ba su sayi waƙa ba, amma ba su taɓa barin makaɗi ya tashi daga ƙofar gida hannu wofi ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kawo mana zaman lafiya a Jibiya da Maraɗi da ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.